Sau Uku Na Haɗu Da Matata

Wata a cikinku ta rubuta a ƙasan abin da na sa kwanan baya cewa tsofaffi irina su ne matsalar gidaje. Na gani. Yarinya, Allah ya ba ki tsawon rai ki iso inda nake, sai mu yi maganar.

Wanda yanzu ya shigo, ga inda muke. Ni mai gyaran keken ɗinki ne, ko in ce na taɓa zama, tunda an rushe layin shagunanmu an mai da shi wurin ajiye motoci. Matata ta rasu bayan doguwar jinyar ƙirji. Gajera nake ce mata, ni kaɗai, kuma a cikin ɗaki. Yanzu ina zaune da jikata, 'yar ƙaramin ɗana da Allah ya yi wa rasuwa tana goye. Uwarta ta yi wani auren a nesa, mu muka riƙe ta. Jikalle nake kiranta. Ba yarinya ba ce, ta kusa talatin. Da safe tana koyarwa a makarantar kurame, da yamma tana wasan kwaikwayo, irin na dandamali wanda mutane ke zama su kalla ido da ido. A can ta haɗu da mai shirya musu wasan, Darakta. Ya zo ya durƙusa a ɗakina ya ce yana son ta. Na yi masa tambayoyina, na sa aka bincika, na tambaye ta ita ma. Na ce na ba shi.

Babban ɗana, wanda ake ce wa Manaja, ya ce bai yarda ba. Da farko cewa ya yi ɗan wasa ba miji ba ne. Da ya ga wannan ba ta motsa ni ba, sai ya sake hanya. Yanzu cewa yake tsufa ya fara cin hankalina, kuma maganar wanda ya rikice ba a gina aure a kanta. In dangi suka gaskata shi, auren Jikalle ya bar hannuna ya koma nasa. Kun san abin da zai yi da shi.

Ranar da zan ba ku labarinta, da safe ina kan tabarma a falo ina shan shayi, Jikalle tana guga a kan teburin cin abinci, sai wayata ta yi ƙara. Saƙon murya ne a guruf ɗin iyali. Ba na son guruf ɗin nan. Kowa da hoton fure da barka da safiya, ba mai takowa ya ga ko kana numfashi.

Na danna. Muryar Manaja ce, irin wadda yake yi wa ma'aikatansa.

"Salamu alaikum 'yan uwa. Game da maganar nan ta Baba. Ni ba rashin kunya zan yi ba, mahaifina ne. Amma yau zan je in ga wasan nan da idona, tunda shi yaron ya gayyace ni. Na ji an ce Baba ya ba shi labarin haɗuwarsu da Inna kala uku, kowanne daban da ɗan uwansa. Ku duba don Allah. Mutumin da bai riƙe yadda ya haɗu da matarsa ba, shi zai ba da aure?"

A ƙasa ƙanwata ta sa fuska mai hawaye. Wani ɗan ƙanena ya sa hannuwa biyu a sama. Ba wanda ya rubuta kalma.

Jikalle ta tsayar da dutsen guga.

"Angona, ka ji ko?"

Haka take ce min tun ba ta iya ɗaura ɗankwali ba, ni kuma in ce ba na son amarya mai tsawon falwaya. Wasan kaka da jika ne.

"Na ji. Rigar can za ta ƙone."

"Na ɗaga. Kaka, kar ka je wurin wasan nan yau."

In ta ce Kaka, wasa ya ƙare.

"Dalili?"

"Baffa ido zai zuba maka. Ko atishawa ka yi sai ya ce alama ce."

"Kala ukun da yake faɗa, gaskiya ne?"

Ta hau naɗe wayar dutsen guga a hannunta kamar ba ta ji ba.

"Ke nake tambaya."

"Gaskiya ne."

"Kuma ba wanda ya gaya min."

"Darakta ne ya hana. Ya ce in aka gaya maka, ɗaya za ka zaɓa ka kashe sauran."

Ga yadda aka yi. Bayan na ba shi ita, Darakta ya riƙa zuwa da la'asar yana zama da ni. Ya ce yana son ya yi wasa a kan tsoho da abin da yake tunawa. Ya nemi izini, na ba shi, ya riƙa ajiye wayarsa a kan tabarma tana ɗaukar maganata. Ya tambaye ni yadda na fara ganin matata, na gaya masa. Bayan kwanaki ya sake tambaya, na ɗauka shi ne mai mantuwa, na sake gaya masa. Ashe ni ake aunawa.

Ba zan ɓoye muku ba, Manaja yana da abin riƙewa. An taɓa tsintar tabarauna a cikin firji, kusa da ƙwai. Wata safiya kuma na saka kaya, na ɗauki jakar aiki, na tafi shago. Sai da na tsaya a gaban motocin mutane, mai gadi yana ce min Baba wacce ce taka, sannan na tuna babu shagon. Na dawo gida da ƙafata, ba wanda ya rako ni. Wannan ɓangaren Manaja ba ya faɗa in yana ba da labarin.

Na ce, "Ɗauko min shuɗiyar rigata da baƙar hula."

"Kaka..."

"Da takalmin da aka goge."

Ita ta sa doguwar riga koriya da farin mayafi, ta rataya wata jakar leda mai nauyi a kafaɗa. Ban tambayi abin da ke ciki ba.

Wurin gwajin nasu a saman wani shagon sayar da tayal yake. Matakalar tana da ƙunci, ƙarfen riƙewar yana girgiɗi. Ban riƙe ba. Ɗakin dogo ne, an rufe tagoginsa da baƙin yadi, fanka ɗaya ce ke juyawa. Kujerun roba a jere, ƙasa kuma an yi mata layuka da farin salatif. A tsakiya akwai tsohon keken ɗinki baƙi mai feda, da labule rataye a igiya, da kujerar katako a can gefe. Shi ke nan.

Darakta ya taho da sauri ya durƙusa. Siriri ne mai gemu, kullum hannun rigarsa a naɗe, da fensir a bayan kunne.

Na ce, "Ina gidan?"

"Wane gida, Baba?"

"Gidan surukaina da za a nuna."

Ya nuna keken da labulen. "Shi ne wannan."

"To, Allah ya rufa asiri."

Manaja ya riga mu zuwa. Yana layin gaba cikin kwat ruwan toka, wayoyi biyu a cinya, makullin mota a yatsa. Ya miƙe ya rusuna rabi.

"Baba, da ka huta a gida."

"Da kai ka huta a ofis."

Na zauna kusa da shi. Da gangan.

Mutum biyu ne suke fitowa a matsayina. Ɗaya saurayi ne mai faɗin kafaɗa, shi ne ni ina matashi. Ɗayan magidanci ne da aka shafa wa farar hoda a gemu, shi ne ni na yanzu. Wannan na biyun ba ya komai sai zama a kujerar katakon nan yana kallon ƙuruciyarsa tana wucewa a gabansa. Jikalle ita ce matata tana budurwa. A wasan ba a ba ta suna ba.

Darakta ya tafa hannu, aka fara.

Saurayin ya shigo da jakar aiki, ya tsuguna a gaban keken yana kwance bel. Jikalle ta tsaya a bakin labule ta dube shi, ta tuntsire da dariya, saboda ya share gumi ya bar baƙin man keke a goshinsa. Ya tambayi abin dariya, ta ƙi faɗa. Haka ya gama aikin, ya ratsa unguwa da baƙin goshi.

Na ce a raina, haka aka yi.

Sai mai farar hodar nan ya girgiza kai ya ce, "Ba haka aka yi ba."

Saurayin ya ja da baya ya fita, kamar an mai da rana baya, ya sake shigowa da jakarsa. Wannan karon ba ta fito ba sam. Ƙafafunta kawai ake gani a ƙasan labule, da muryarta tana gardama da uwarta cewa keken nan lafiyarsa ƙalau, mai gyaran ne ke neman aiki. Ya gama ya tafi bai ga fuskarta ba.

Na ce a raina, wallahi haka aka yi. Har ɗan yatsan ƙafarta da ya ɗan karkace na tuna.

"Ba haka aka yi ba," in ji mai hoda.

Aka sake komawa. Yanzu kuma yana juya baya, ta lallaɓo ta zare bobin ɗin keken, ɗan abin nan da ake naɗa zaren ƙasa a kai, ta soke a gefen zaninta, don gobe a ce keke ya ƙi ɗinki a sake kiransa.

Masu karatu, a nan ne gumi ya karyo min. Na ga dariyar nan da idona a wancan lokacin. Na ga ƙafafun. Na ga hannunta yana soke bobin, alhali in da gaske bayana na juya, ta yaya na gani? Duk ukun suna cikin kaina, kowanne da haskensa da ƙanshinsa, kuma rana ɗaya ba za ta ɗauke su duka ba.

Darakta ya ce a huta. Aka kawo ruwa a roba.

Manaja ya juyo gare ni, ya sassauta murya yadda ake yi wa mara lafiya.

"Baba, wanne ne na gaskiya?"

"Me ya dame ka? Ba a haife ka ba."

"Tambaya ce kawai."

"Na ji tambaya ce."

Na kira Darakta da hannu. Ya zo ya tsuguna a gabanmu.

"Kai, me ya sa ba ka ce min na canza magana ba?"

"Baba, duk wanda na tambaya abu sau uku, kala uku yake ba ni. Mahaifiyata ma haka ta yi da na tambaye ta ranar haihuwata. Wasan ba a kan wanne ne daidai yake ba. A kan mutumin da ke zaune a kujerar can ne, da yadda yake..."

Manaja ya katse shi. "Ita mahaifiyar taka tana sa tabarau a firji?"

Darakta ya sunkuyar da kai. Yaron yana da kunya, wannan na ba shi.

Manaja ya gyara zama. "Ni na san yadda aka yi, don Inna da bakinta ta gaya min. Baba ya je gyara, ya ƙara lalata keken, allura ta karye a ciki. Kakarmu ta kore shi da tsintsiya. Inna ta ji tausayinsa ta bi shi da hularsa da ya bari. Wannan shi ne. Babu dariya, babu bobin."

Dariya ta ƙwace min, irin wadda na daɗe ban yi ba.

"Ƙarya take. Allah ya jiƙanta, ƙarya ta shirga maka. Ni in karya allura?"

Amma ina faɗa ina ganin tsintsiyar. Ta kwakwa ce, an ɗaure ta da jan ƙyalle.

Darakta kuwa tuni ya zaro fensir daga bayan kunne, idonsa yana ƙyalli.

"Baffa, don Allah a maimaita min daga wurin allurar."

"Kai, ni sa'anka ne? Wa ya ce maka ni baffanka ne?"

'Yan wasan suka juya baya suna danne dariya. Jikalle ta ɗauki jakarta ta shige bayan labule, don Darakta ya ce zagaye na gaba da kaya da fitila za a yi.

Mai farar hoda ya koma kujerarsa. Tun ɗazu yake ba ni haushi. Ya rangwaɗa wuya, ya saki leɓe, ya sa hannunsa yana karkarwa a kan gwiwa.

Na ce, "Malam, wa kake kwaikwayo?"

Ya miƙe. "Kai ne, Baba."

"Ka taɓa ganina a haka?"

"Ai tsufan ake so ya fito, Baba."

"Tsufa ba shanyewar jiki ba ne. Tashi."

Manaja ya riƙo hannun rigata. "Baba, zauna don Allah, kar ka ba da mu."

Na zare hannuna. Na taka layin salatif ɗin nan na shiga, na zauna a kujerar katakon. Bayana a miƙe, hannuwana a kan gwiwa, hulata daidai.

Na ce wa Darakta, "Magana ɗaya ce yake faɗa, ko? Na haddace. A fara."

Ya dubi Manaja, ya dube ni. Sannan ya ɗaga hannu.

Aka kashe fitilun ɗakin, aka bar guda ɗaya mai ruwan ɗorawa a kan keken. Daga kujerar nan ba ka ganin kowa a cikin duhu. Ba Manaja, ba kujerun roba. Sai ƙarar fanka.

Saurayin ya shigo ya tsuguna. Labule ya motsa. Ta fito.

Zanen na fara gani. Shuɗi mai ɗigon fari, ya koɗe a gefen da ake sokewa, da ɗan mayafi ruwan toka. Nata ne. Daga akwatinta aka ɗauko, shi ne abin da ke cikin jakar nan. Har ƙanshin akwatin ya iso ni, kafur da tsohon turare. Ta ratso ta gabana za ta wurin keken, ƙurar labulen ta shaƙe ta. Ta yi tari, gajere, sau biyu, ta dafe ƙirji da bayan hannu.

Na ce, "Gajera, kin sha maganinki kuwa?"

A wannan ɗan lokacin babu dandamali. Ina ɗakinmu, a bakin gado, tana ƙoƙarin ɓoye min tarin kamar yadda ta saba. Har na miƙa hannu gefen kujera inda kwalbar maganin take zama. Hannuna bai taɓa komai ba.

Wani ya kunna fitilu.

Ga 'yan wasa a tsaye kamar an dasa su. Ga Manaja ya miƙe, wayoyinsa sun zube a ƙasa bai ɗauka ba. Shi ya san sunan nan. Ya sha ji ta bayan ƙofa yana yaro. Ga Jikalle a gabana, doguwa, cikin zanen da bai kai mata idon sawu ba.

Sai ta fashe da dariya mai ƙarfi, har da tafa hannu.

"Kai, angona! Yau kuma ni ce gajera? Jiya falwaya, yau gajera. To na ji, ka biya ni kuɗin magani." Ta juya. "Baffa, wasa yake. Haka muke yi kullum a gida, wallahi tsokana ce."

Bakinta yana dariya, idonta yana roƙona.

Darakta ya karɓa. "Baba ya shiga wasan ne. Manyan 'yan wasa haka suke, sai su ƙara abin da ba a rubuta ba."

Sun gyara min hanya, su biyun. Abin da ya rage kawai in yi murmushi in ce amaryar nan ba ta san wasa ba. Da Manaja ya koma da hannu wofi.

Na ce, "Ba wasa nake ba."

"Kaka..."

"Yi shiru."

Manaja ya tako har bakin layin salatif ya tsaya, kamar mai tsoron shiga ruwa. Idonsa ya yi ja. Muryar ofis ɗin nan ta tafi.

"Baba, zo mu tafi gida."

"Tsaya inda kake ka ji. Ka ji na kira ta da sunan uwarka. Ni ma na ji. Na ɗauka ita ce. Yanzu na san ba ita ba ce. Wannan 'yar ƙanenka ce. Wancan mai gemun shi na ba. Kai kuma ɗana ne, da kake jiran in faɗi."

"Ba jira nake ba, Baba. Wallahi tsoro nake ji."

"Ni ma. Shi ya sa ba zan jira ba."

Na miƙe. Gwiwata ta yi ƙara, kowa ya ji, ban damu ba.

"Wanda ya sa tabarau a firji, ni ne. Wanda ya ce ya bayar, ni ne. Ba ka da uba biyu da za ka zaɓi wanda za ka yi wa biyayya. Yau na tafi na dawo. Wata rana zan tafi in ƙi dawowa, ina zaune ina kallon yarinyar nan ina tambayar 'yar waye. Kafin ranar ta zo zan aurar da ita da bakina, ina sane da ko wace ce."

Na juya wurin Darakta.

"Ka gaya wa manyanka su zo jibi da yamma."

Fensirin ya faɗi daga hannunsa. "Jibi, Baba? Ai ba mu gama shiri ba, kawuna ma yana..."

"Ka iya shirya ni kala uku, ka kasa shirya kawunka ɗaya?"

"Za su zo, Baba."

Manaja ya sunkuya. Ya tsince wayoyinsa, ya tsaya ya daɗe yana kallon zanen uwarsa a jikin Jikalle, sannan ya fita. Muna jin takalminsa a matakala har ƙasa.

A cikin tasi Jikalle ta juya fuska ga taga, jakar a kan cinyarta, tana share ido da gefen mayafi. Direban ya rage rediyo don ya ji gulma. Na bar shi.

"Laifina ne," ta ce. "Da ban ɗauko zanen ba."

"Ya yi miki kaɗan. Laifinsa ke nan."

"Kaka, me ya sa ba ka karɓa ba? Da ka ce wasa ne, shi ke nan, Baffa ba shi da ta cewa."

"In na ce wannan wasa ne, gobe in na ce na ba shi ke, sai a ce shi ma wasa ne."

Muka wuce gidan mai. Sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba, "To wai a cikin huɗun, wanne ne?"

"Ban sani ba."

"Ko kaɗan?"

"Na san dai na sake komawa gidansu. Wannan ba mai canza min shi."

Muna shiga gida, ko takalmi ban cire ba, wayata ta yi ƙara. Wannan karon ba a guruf ba ne, ni kaɗai ya turo wa, kuma a rubuce. Na sa tabarau na karanta.

"Baba, na yi magana da likitan ƙwaƙwalwa. Jibi da safe zan zo in ɗauke ka. In ya ce hankalinka na nan, ni zan tarbi baƙin da kaina, in shimfiɗa musu tabarma. In ya ce ba haka ba, ka yafe min, a bakin ƙofa za su same ni."

Na miƙa wa Jikalle. Ta karanta, ta zauna a hannun kujera.

"Na san irin tambayoyin da suke yi," ta ce da sauri. "Za su ce yau wace rana, wane wata. Za su faɗa maka sunayen abubuwa, can an jima su ce ka maimaita. Za su ce ka zana agogo. Kaka, muna da yau da gobe. Mu yi gwaji, ni zan zama likitan."

"Ni ba ɗan wasa ba ne."

"Don Allah."

"Yadda nake zai gan ni. Ba ni wayar."

Na rubuta wa Manaja: "Ka zo da wuri."

Sannan na ce ta buɗe kabad ta ciro min farar rigar nan mai aiki a wuya, ta goge ta da kyau, ta rataye inda zan gan ta in na farka.

Ta tsaya da rigar a hannu. "Ta safe ce ko ta yamma?"

"Riga ɗaya zan sa wa likitan da baƙin."